Yadda Ake Kwantar wa Baƙo da Hankali Alhali Giwa Tana Kallonsa

Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu baƙon da zai kai ƙararka wurin Madam Nyirenda, manajar sansaninmu, wadda ƙorafi ɗaya ya ishe ta ta kori ɗan jagora. Ni ne Mabvuto Sakala, shekara goma sha ɗaya ina zagawa da 'yan yawon buɗe ido a ƙafa cikin dajin Luangwa.

1. San kalmar

A takardar horonmu akwai kalmar Turanci guda, reassure. Ma'anarta ka mayar wa mutum da zuciyarsa wurinta bayan ta tsinke. Lura, ba a ce ka kawar da haɗarin ba. Wannan aikin Allah ne, sai kuma Mwanza, mai gadin daji da ke gabanmu da bindiga.

2. Gyara fuskarka

Baƙo kai yake kallo kafin ya kalli giwa. Yi murmushi. In gwiwarka tana kaɗawa, sunkuya ka ce kashin kura kake nazari.

3. Raɗa wa dabbar suna

Ka ce, "A'a, wannan ai Estere ce, tare muka taso." Ko da toron giwa ne. Ban taɓa ganin wanda ya ji tsoron Estere ba.

4. Maimaita doka

A daji ba a gudu. Faɗa da safe, faɗa a hanya, har su haddace.

5. Koya wa ƙafafunka ma

Nan na yi sake. Bara na fita da wata tsohuwar Baturiya, Misis Tilbury, mai shekara saba'in da huɗu. Wata giwa ta baza kunnuwa ta yo kanmu. Wallahi ban san lokacin da na hau bishiya ba. Tsohuwa ta tsaya cak tana ɗaukar hoto, tunda na ce mata Estere ce. Giwa ta ja burki, ta yi ɓarin ƙura, ta juya.

Sai ga tsohuwa a gindin bishiya. "Sauko, ɗana," in ji ta, "ba abin da za ta yi maka."

Mwanza ya ce, "Bwana," wato maigida, "a kawo tsani ne?"

Kunya kamar in nutse. A sansani Madam ta tambayi yadda aka yi, na riga na fara tunanin komawa noman gyaɗa. Tsohuwa ta ce, "Ɗan jagoranki akwai himma. Har bishiya ya hau don ya duba mana hanya."

Madam ta dubi yagaggen wandona, ta koma kan aikinta.

Gargaɗi

In giwarka ba ta ja burki ba, ko baƙuwarka ba ta da rufin asiri, babu ruwana, ban san ka ba. Ni dai aikina yana nan. Sai dai kullum za mu fita, Madam kan dafa kafaɗata a gaban baƙi ta ce, "Kada ka ji tsoro, Mabvuto, suna tare da kai."