Zakka da Kwalbar Firaima

A bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, inda ciyawa ta daɗe da cinye dogo, akwai gidan Malam Filibus tela da matarsa Rahila, mai shagon gyaran farce. Tare da su ƙaninta Zakka yake zaune. Ya haura talatin, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Ranar da uwarsu za ta rasu ta damƙa hannunsa cikin na Rahila. Filibus kuwa ya gaji. Ya ce in Zakka bai koyi sana'a ba kafin Kirsimeti, ƙauye zai koma, gidan kawunsu mai saurin hannu. Sai Rahila ta jawo shi shago, da ma idonta ya fara raguwa. Aiki ɗaya ta ba shi: firaima, ruwan nan mai kaifi na 'yar kwalba da ake shafa wa farcen mutum kafin a ɗora na roba, don ya kama.

Wata rana ta gargaɗe shi cewa ruwan yana ƙuna, kada ya taɓa jikin kowa, sannan ta aike shi kasuwa sayen sabuwar kwalba. Zakka ya bi ta maƙera ya aro awartaki, ya kamo kwalbar da shi, ya miƙe hannu gaba, yana tafe yana cewa a ba da hanya, wuta ce. Masu tumatir suka watse, ɗan acaɓa ya faɗa kwata. Rahila ta ba mutane haƙuri, ta karɓi kwalbar da yatsu biyu. Har yamma Zakka na leƙen yatsun nata, yana jiran hayaƙi.

Wata rana Mama Asabe, shugabar zumuntar mata, ta zo gyara. Rahila ta ce wa Zakka in an shafa, kada komai ya taɓa farcen sai ya bushe ya yi fari kamar alli, don ko maiƙon yatsa ɓata shi yake. Ta fita ɗebo ruwa. Hancin Mama ya yi ƙaiƙayi, ta ɗaga hannu. Zakka ya haɗa hannayenta biyu ya riƙe, ya sa yatsansa yana sosa mata.

"Ɗan nan, sake ni."

"Bai yi fari ba, Mama. Nan ne, ko sama kaɗan?"

Rahila ta tarar da Mama tana dariya har da hawaye, shi kuma yana share mata da bakin rigarsa.

Wata rana ta nuna masa cewa ba a jiƙa farce. A tsoma buroshi a goge shi sosai, sannan a shafa. Zakka ya goge, ya ƙara gogewa, ya fita da shi rana ya bushe ƙarau, sannan ya shafa wa Kande ta ƙungiyar mawaƙa. Ran Lahadi Kande na tafa hannu a majami'a, faratan suka yi ta tashi. Ɗaya ya faɗa cikin kwanon baiko, Filibus ne kuwa ke riƙe da kwanon. Da suka koma gida bai ci tuwo ba. Ya ce saura kuskure ɗaya Zakka ya koma ƙauye.

Wata rana, ana jibi ɗaurin aure, aka kawo amarya Laraba da ƙawayenta, shago ya cika. Rahila ta cire mata tsofaffin faratan roba cikin sauri, ta ce wa Zakka, "Inda ka ga launin farce, shafa. Inda ba launin farce ba, kada buroshi ya je. Kuma ka rufe bakinka." Fatar gefe take nufi. To, farcen yatsan zobe ya yi kore-kore a ƙarƙashin tsohon. Zakka ya duba, ya ga ba launin farce ba ne, ya tsallake shi, ya kuma rufe bakinsa. Aka ɗora sabon na roba haka nan. Washegari ya faɗi, gwaggon amarya ta zo tana faɗa har titi. Filibus ya ce wa Zakka ya ɗaure kayansa ya je tasha ya jira shi.

Rahila ta tafi gidan amarya, hannun marigayiya uwarsu kawai take tunawa. Ta jawo yatsan Laraba cikin hasken rana, sai ta ga abin da idonta ya ɓoye mata jiya: farcen ya tsage har nama, ya fara ruwa. Da firaima ta shiga tsagar nan aka rufe, da yatsan ya kwana a kumbure, zobe ba zai shiga ba. Ta wanke, ta sa magani, ta bar shi a buɗe. Da gwaggo ta ji Zakka ne ya tsallake farcen, sai ta tambayi Rahila ko ɗan'uwan nata ya ci abinci.

Filibus ya ji labari yana kan keken ɗinki. Ya daɗe yana kallon allura, sannan ya tayar da babur. A tasha motocin ƙauye duk sun tashi. Zakka na zaune a kan ƙunshinsa, inda rana ta same shi tun safe.

"Me ya hana ka shiga mota?"

"Cewa kuka yi in jira ku, Malam."

"To, ga ni na zo. Hau mu tafi gida. Ka riƙe ni da kyau."

Zakka ya riƙe shi da kyau. Suka iso ƙofar gida, aka kashe babur, yana nan riƙe da shi. Rahila ta buɗe baki za ta ce ya sake, Filibus ya ɗaga mata hannu, ya ce ta bar shi tukuna.