Zane a Kunnen Hagu

Wani ne a garinmu, can gaba da garin Emerald. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu muna haɗuwa a gidan mai. Mutumin kirki ne wallahi, gyaran shingen gonaki yake yi. Zai wuni a rana yana jan waya mai ƙaya, ko tsaki ba zai yi ba. Amma ka nuna masa allura, sai ya fara neman kujera. Ranar da matarsa Narelle ta haifi ɗansu na fari, shi aka fara yi wa fifita kafin a waiwayi mai naƙuda.

To, yana da kyanwa biyu. Muzuru sunansa Barry, macen kuma Doreen. Sunan surukarsa ya sa mata, wai don girmamawa. Kowa ya san saboda irin kallon da take yi wa mutane ne. Kafin shekara ta zagayo, biyu sun zama goma sha ɗaya. Ka buɗe firiji, kyanwa na bayanka. Ka sa takalmi, kyanwa na ciki.

Wata safiya a farkon Disamba, lokacin da zafi ke fara gasa mutane a ƙasar nan, Narelle ta buɗe kwandon wanki ta tarar da sababbi huɗu kwance a kan rigar da ta ajiye don Kirsimeti. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira shi, ta nuna masa ɗakin kwanon da ke bayan gida, inda injin yankan ciyawa yake kwana tare da macizai.

Ta ce, "Maigida, ka ga ɗakin can?"

Ya ce, "Na gan shi."

"Yara biyar gare mu, kyanwa goma sha biyar. Ka kai su a yi musu aikin hana haihuwa. Kai ma ka je asibiti a yi maka naka, shekara biyu kana ce mini wata mai zuwa. Haihuwa ɗaya ta ƙaru a gidan nan, mai ƙafa huɗu ko mai ƙafa biyu, can za ka koma da filonka."

Ya leƙa ɗakin kwanon. Ko ƙadangare ba ya yarda ya wuni a ciki.

Sai ya zuba ƙananan a kwali, ya sa a bayan a-kori-kurarsa, ya nufi gidan da ake ajiye dabbobin da ba su da masu su. Anti Merle ce ke riƙe da wurin, tsohuwa ce mai bakin tsiya, hannunta duk tabon yakushi. Tun daga nesa ta hango kwalin.

Ta ce, "Juya da shi."

"Anti, huɗu ne kawai."

"Kowa huɗu ne kawai. Keji arba'in gare ni, kyanwa ɗari da wani abu. Akwai bakwai a bahon wankana na gida, wata biyu ke nan da bokiti nake wanka. Duk shekara zafi na shigowa haka kuke yi mini, ku ƙi kai uwar a yi mata aiki, ku kwaso mini 'ya'yan kamar ni na haife su. Waɗanda ba a samu mai ɗauka ba, ka san inda suke ƙarewa? Ni nake riƙe su a yi musu allurar ƙarshe. Na gaji da kuka a mota, yaro."

Ya ce, "Aikin nan, da wuƙa ake yi?"

"A'a, da cokali."

Ya dafa bango. Can sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaton muzuru, ya miƙe ƙafa yana barci a tsakiyar mata shida, ko kallonsu ba ya yi. Kunnensa na hagu ya lanƙwashe, a ciki akwai ɗan zane kore, zobe da layi ya ratsa shi.

Ya ce, "Anti, wannan zanen fa?"

Ku dai kun san zanen. In likita ya gama yi wa dabba aiki, kafin ta farfaɗo sai ya yi mata shi a kunne, don kada wani ya sake yanka ta a banza. Jaririn goye ma ya san haka a ƙasar nan. Ban da mutuminmu.

Anti Merle ta ce, "Duk wanda ka ga da wannan a kunnen hagu, shi da haihuwa har abada."

"Har abada?"

"Har abada."

Daidai nan wani kare ya ɓalle daga keji, ta bi shi da gudu tana zagi. Mutuminmu ya tsaya yana kallon kunnen muzuru, fuskarsa na washewa a hankali. Ashe abin a kunne yake. Shekara da shekaru likitoci na tsorata bayin Allah da wuƙa.

Ya biya gida ya ɗauki Barry, daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon Wozza mai jarfa, wanda ke zana wa direbobin tirela macizai a dantse. Ya shiga rungume da Barry.

Wozza ya ce, "Mutumina, me zan gani haka?"

"Ɗan zobe za ka yi masa a kunne, da layi a tsakiya."

"Fitar mini da shi. Ni ba na taɓa kyanwa. Mutane kawai nake yi wa."

"Mutane?"

"Mutane."

Ya daɗe a bakin ƙofa yana tunani, har Barry ya gaji ya cije shi.

A hanyar gida ya tsaya shagon kayan gona, ya sayi alƙalamin nan da ake rubuta lamba a tambarin kunnen shanu, wanda ruwan sama ba ya wankewa. Kore. Ya sa safar hannu ta masu walda, ya kulle kansa a ɗakin wanki da kyanwa goma sha biyar. Maƙwabta sun ce sun ɗauka yanka wani ake yi. Bayan awa uku ya fito, riga a yage, hanci na jini, amma kowace kyanwa da zobenta.

Nasa aikin kuwa, ranar Alhamis ya shiga gari shi kaɗai, ya dawo da yamma fuska fara fat. Narelle ta tare shi a ƙofa.

"An yi?"

"An yi. Rel, ashe akwai hanya mai sauƙi, tsaya in nuna miki..."

"Ba na son gani. An yi dai?"

"An yi."

Tausayinsa ya kama ta. Ta ɗauko ledar koren wake mai ƙanƙara daga firiji, yadda kowace mace a nan ke yi wa mijinta bayan wannan aiki, ta miƙa masa ta ce ya ɗora a wurin, ta ja masa ƙofa. Kwana biyu yana kwance ana kai masa shayi da biskit.

Bayan sati biyu Narelle na shanya, Barry ya wuce ta gabanta, wutsiya a sama.

Ta ce, "Maigida, zo. Me ya sa Barry har yanzu yake yawo da kayansa?"

"Sabon salo ne. Yanzu ba a cirewa."

"Ɗinkin Doreen fa?"

"Ba a ɗinki. Ke dai zamani ya wuce ki."

Ba ta yarda ba. Aka yi sa'a ranar Asabar ɗin likitocin dabbobi suka zo zauren taro na gari, ana yi wa dabbobi aiki kyauta. Ta ce ya kwashe su duka ya kai a duba. Layi har bakin titi, karnuka na haushi, zafi kamar a tanda. Wanda ke tantancewa a ƙofa wani dattijo ne ɗan sa-kai, ya manta tabaransa a mota. Ya zura hannu a kwali, ya lanƙwasa kunne ɗaya, kore. Na biyu, kore. Ta uku ta kai masa yakushi.

Ya ce, "Bawan Allah, ai an riga an yi wa waɗannan. Kada ka ɓata mana lokaci. Na baya, matso."

Ku zo ku ga tafiyar mutuminmu da ya dawo. Ƙirji a gaba.

Ya ce, "Rel, likitoci da kansu sun duba. Sun ce kada in ɓata musu lokaci."

Da a nan ya tsaya, da sauƙi. Amma na gaya muku mutumin kirki ne, kuma maganar Anti Merle ta tsaya masa a rai, tsohuwa tana kuka a mota. Sai ya bi unguwa gida gida. "Kuna da kyanwar da ba a yi wa aiki ba? Ku kawo, ni zan ɗauki nauyi." Wa zai ƙi? Ya kwashe da safe a a-kori-kura, ya dawo da su da yamma, kowace da zobenta a kunne, ba ɗinki, ba ɗingishi. Tsofaffi suna sa masa albarka. Wata ta gasa masa kek. Har na bayan mayanka, waɗanda ba su da masu su, ya bi da tarko da kifin gwangwani ya zana musu. A wurin gashin naman Lahadi ya ce mana, da bakinsa, ya yi wa sittin da uku. Ni ma na ba shi tawa, kada ku yi mini dariya.

Watan Maris na kamawa, gari ya fashe.

Kyanwa a ƙarƙashin coci. Kyanwa a motar kashe gobara. Tawa ta haifi shida a cikin hular kwanona. Anti Merle ta daina wanka da bokitin ma, don an haihu a ciki. Kuma duk uwar da aka kawo, a duba kunne, ga zobe kore.

Likitar dabbobinmu, Dokta Petrakis, ta kusa zarewa. Shekara ashirin tana aiki ba ta taɓa ganin mahaifa ta sake tsirowa ba. Har ta fara rubuta wa jami'a takarda. Sai wata rana tana goge wa wata kyanwa kunne da auduga da sifirit, ta ga audugar ta koma kore. Ta sake gogawa. Zobe ya tafi.

Ba a sha wahalar gano mai aikin ba, gari duka ya san mai taimakon.

Aka kira shi asibitin, ya zo da Narelle, da Doreen a kwali tare da sababbi biyar da ya ɓoye kwana uku a bayan kujerar mota. Anti Merle na tsaye a gefe ta harɗe hannu. Narelle ta samu kujera ta zauna, tana gutsurar busasshen biskit. Ta ce warin asibitin ne ke tayar mata da zuciya, kwanan nan ko ƙamshin kofi ba ta so.

Dokta ta ɗaga audugar. "Kai ka yi wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Amma na gano kuskuren, likita. Tawadar ce ba ta shiga fata ba. Da Wozza ya yarda ya yi musu da allura, da ba a kai ga haka ba."

Anti Merle ta ce, "Ku riƙe ni."

Dokta ta cire tabarau, ta yi magana a hankali yadda ake yi wa mai zazzaɓi. "Saurara da kyau. Zanen ba ya hana komai. Shaida ce kawai, cewa an yi aikin. Aikin kansa can ƙasa ake yin sa, da wuƙa."

"Ko da allura aka yi zanen?"

"Ko da allura."

"Ko wanda ya shiga fata sosai? Wanda har mutum... har dabba ta suma?"

"Ko a goshi ka yi shi, da girman faranti."

Hannun mutuminmu ya tashi a hankali, shi kansa bai sani ba, ya je ya dafe gashin da ya rufe masa kunnen hagu.

Narelle ta daina tauna. Ta dubi biskit ɗin da ke hannunta. Ta dubi mijinta. Ta miƙe, ta ture hannun, ta ɗaga gashin, ta lanƙwasa kunnen yadda ake yi wa kyanwa.

Ga shi nan, kore shar, aikin Wozza mai kyau. Zobe, da layi ya ratsa shi.

Ta ce, "Ledar waken da na ba ka, a ina ka ɗora?"

Ya nuna kunnen.

Dokta ta yi gyaran murya, ta ce bari dai a fara, teburi a shirye yake, a miƙo mata Doreen.

Narelle ta riƙe kunnen gam, ta ce, "Doreen za ta iya jira, likita. Fara da wannan babban muzurun."