Ranar Da Na Tara Yayyen Gari

Ko zan manta da komai, ban da ranar rabon kayan makaranta a ƙauyenmu na wajen Makoda.

Ƙungiyar manoma ce ta ba ni aikin haɗa manhajar tura wa membobi saƙon waya, aikina na farko a gida, kuma shugabanta Alhaji Sule ya ce in ya yi kyau ni zan riƙe shi. Da wani yaren kwamfuta da ake kira shell na rubuta ta. Kafin kowane gwaji sai wani injin duba rubutu na cikin kwamfuta, wai shi lint, ya bi layi-layi yana tsegumi, kwamfutata kuwa tsohuwa ce, sai ta yi ta nishi kamar injin niƙa. Haushi ya ishe ni, na cire shi.

Hadiza, abokiyar aikina, ta ce, "Malam, ka mayar da shi, jiran nan bai kai kuskure tsada ba."

Na ce, "Haba Hadiza, inji ne zai koya mini rubutu?" (Har da gyara hula na yi.) Gwaji ya wuce fiu, na tura saƙon gayyatar membobi rabon kayan makarantar da ƙungiyar ta shirya.

Abin da na rubuta shi ne kowa ya zo da 'ya'yansa. Ashe shell yana ɗaukar ɗigon saman nan biyu na kalmar 'ya'ya a matsayin alamar buɗe zance da rufewa, sai ya haɗiye su duka. Saƙon da ya shiga wayoyi: kowa ya zo da yayansa.

Masu hankali sun gane, sun kawo yara. Amma jama'a, ga babura nan suna sauke dattawa! Wani har daga Ɗambatta ya ɗauko yayansa, tsoho da furfura da sanda, ya zauna kusa da tulin jakunkuna yana tambaya, "To ni me za a ba ni?"

Alhaji Sule ya miƙo mini wayarsa a gaban kowa. "Ɗana, karanta mana da ƙarfi."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na karanta, wuri ya kaure da dariya. Aikin dai bai ƙwace ba, amma ya ce Hadiza ce za ta riƙa duba kowane saƙo kafin ya fita.

Yanzu na mayar da lint, ko ya yi ta jan ƙafa, ina zaune ina jiransa cikin ladabi. Gara inji ya gyara ni a ɗaki da gari ya gyara ni a fili.