Ranar da Abdu Isa biyar suka koma mutum ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wannan Laraba ba, ko da na so (kuma wallahi na so). Lokacin ina aiki da wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, a Konni, ni ne mai kula da ordinatar, wato kwamfuta. Ban daɗe da dawowa daga horon mako uku a Yamai ba, kaina ya kumbura, gani nake duk garin babu mai ilimina.

Furojen na da ma'ajiyar takardu a cikin na'ura. Kowane manomi da dosiyensa, wato fayil ɗin bayanansa, da hoton katinsa, da takardar gonarsa. Daga nan ake fitar da jerin waɗanda za a ba irin gero kafin ruwan fari, wanda babu sunansa kuwa babu iri. Matsalar ita ce an shigar da wasu sau biyu, wasu har sau uku. Darakta ya ce a zauna a tantance ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa, uban iyawa, na ce aikin minti goma ne. Na tsara wa na'ura umarni guda: duk dosiyen da suna ya zo ɗaya, ranar haihuwa ta zo ɗaya, ta bar guda ta share sauran.

Madam Rabi, sakatariyarmu, dattijuwa ce da ta fara aiki tun zamanin keken rubutu. Ta ce in dakata ta kwafe komai a faifai tukuna. Na yi mata 'yar dariyar nan ta raini, na ce mu a Yamai an wuce wannan tsoron. Na je na yi azahar, na dawo na danna. Na'ura ta yi ta share-share, jerin ya rame sosai, ni kuma har da zuwa wurin darakta ina zargin ma'aikata da sakaci (Allah ya yafe mini).

Ran Laraba muka tafi wani ƙauye na Dogarawa karanta sunaye. Jama'a sun cika gindin bishiya, hadari na leƙowa daga gabas. Na gyara murya na kira Abdu Isa. Sai mutum biyar suka miƙe. Maimakon in yi shiru, sai na ce ai da sauƙi, kowa ya kawo katinsa ranar haihuwa ta raba gardama. Na duba na farko, ɗaya ga Janairu. Na biyu, ɗaya ga Janairu. Duka biyar haka, har shekarar ma ɗaya. Ashe ranar da aka zo yi musu takardu babu wanda ya san ranar haihuwarsa, mai rubutu ya dube su ya yanka musu guda. Nan take na san ba su kaɗai na share ba.

Babbansu ya dafa sandarsa ya ce, "To ɗana, cikinmu wa kuka bari da rai?"

Darakta na kallona, ni ina kallon takalmina. Can sai Madam Rabi ta ce, "Mushe, kai wace rana aka haife ka?" (Mushe, wato malam da Faransanci, take kirana kamar kowane ma'aikaci, amma ranar nan sunan ya dace da ni ta kowace fuska.)

Na ce, "Ɗaya ga Janairu."

Kai, jama'a! Dariya har da masu riƙe ciki. Ni ɗin nan, babana ma bai san ranar ba, kuma katina na aljihuna duk lokacin da nake rubuta umarnin.

Sai da ta bari na sha kunya na ƙoshi, sannan ta buɗe jakarta ta fiddo faifai naɗe cikin kallabi. Ashe ta kwafe komai sa'ad da nake salla. Ban taɓa jin daɗin ganin wani abu a duniya kamar wannan faifai ba. Na ji kamar in durƙusa mata, na kuwa durƙusa.

Kwana huɗu muka yi muna tantancewa ɗaya bayan ɗaya, yadda darakta ya faɗa tun farko. Kowane Abdu Isa ya karɓi irinsa, kwana biyu bayan nan aka sheƙa ruwa.

Tun daga ranar ba na danna abin da zai taɓa mutane da yawa sai na kwafe, na gwada a kan 'yan kaɗan, na kuma tambayi wanda ya riga ni shiga buro, wato ofis. Madam Rabi kuwa, har ta yi ritaya, duk ɗaya ga Janairu sai ta leƙo ta yi mini barka, ta ce in gaishe mata da 'yan biyuna na Dogarawa.