Rasuwar Alhaji, Akwatin Karatun Unguwarmu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ban ga dalilin ɓoyewa ba, ni Imrana Sabo nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Alhaji, akwatin karatun da ke ɗakin karatun unguwarmu a Ƙaura Namoda. Ya cika ranar Talata bayan azahar, yana da shekara ɗaya da wata biyu a ƙasar nan.

Ga wanda bai san marigayin ba, baƙin akwati ne da bai fi bulo girma ba, amma cikinsa dubban littattafai ne da darussan bidiyo. Ba ruwansa da data. Ka zauna kusa da shi da wayarka, ya ba ka abin da ka nema. Wasu ɗakunan karatu na ƙasashen waje ne suka haɗa kai da namu suka aiko shi, aka sa hannu a yarjejeniya a Abuja, aka ɗauki hoto. Mu muka raɗa masa Alhaji, domin duk cikinmu shi kaɗai ya taɓa hawa jirgin sama.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayata takardar shaida ba. Na bar makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare. Na yi kabu-kabu, na yi cajin waya, na yi dako a kasuwar hatsi, babu wanda na kai wata uku a kansa. Alhaji ne ya zaunar da ni wata bakwai a benci ɗaya, ina koyon gyaran famfon sola. Akwai darasin da ya maimaita mini sau shida, ko tsaki bai yi ba. Da safe sallamarsa ɗaya ce, "ɗit", sai fankarsa ta kama "fuuu" a hankali har la'asar.

Shi ya sa bakina ya yi kauri. A Gurbin Bore, garin gwaggona Hauwa, famfon burtsatse ya mutu tun bara, mata na tafiya nesa ɗibar ruwa ta hanyar da babu mai son tura 'yarsa. Na tsaya gaban dattawan garin na ce zan gyara shi kafin damina ta sauka. Darussan ashirin da huɗu ne. Ina na goma sha tara Alhaji ya kwanta. Na ashirin shi ne na akwatin wutar famfo, wato daidai inda nasu ya lalace.

Game da jinyarsa, ba na zargin Malam Nasidi, mai kula da ɗakin karatun. Da aka kira horo na kwana uku kan kula da akwatin, manya ne daga ofis suka tafi, suka dawo da jaka da hula. Shi abin da aka faɗa masa kawai, wannan amana ce. Sai ya yi masa irin gatan da muke yi wa abu mai daraja: ya sa aka ɗinka masa riga ta karan-miski har da ado a baki, ya sa shi cikin kabad ɗin ƙarfe, ya kulle, yana kunne, a tsakiyar zafin bazara. "Fuuu" ta koma "ƙurr-ƙurr". Na roƙa a cire rigar, aka nuna mini ba a tsiraita baƙo.

Samuel, mai gyaran kwamfuta a bakin titin Foli, wato kwalejin fasaha, ya zo da sukundirebansa, ya kasa kunne, ya tabbatar fanka ce kawai, aikin rabin awa. Sai ga jan hatimi a bayan akwatin. Yarjejeniya ta hana kowa buɗe shi sai injiniyan da aka amince da shi, mafi kusa kuma yana bayan teku. Kafin ya zo sai an cika fom. Fom na neman lambar sirri. Lambar da littafin gyaran duka suna cikin Alhaji. Muka rubuta wasiƙa, aka amsa da godiya, tare da gayyatar taro ta intanet kan ƙarfafa haɗin gwiwa. Ana cikin gaisuwa sabis ya ɗauke. Bayan kwana tara ya yi "ɗit" sau biyu, ya yi shiru.

Ya bar ƙanne biyu. Na Shinkafi har yau yana cikin kwalinsa, ana jiran ranar bikin ƙaddamarwa. Na Zurmi lafiyarsa ƙalau, sai dai wanda ya san lambarsa an yi masa canjin wurin aiki. Ya bar Malam Nasidi, wanda har yanzu yake kakkaɓe rigar kowace safiya. Ya bar ni da littafin rubutu ɗaya da darussa biyar da ban gani ba.

Ba za a yi binnewa ba, domin a takarda gawar ma ba tamu ba ce. Tana nan cikin kabad. Abokan hulɗarmu na waje, muna godiya, Allah ya saka. In za ku sake aiko wani, ku haɗo da izinin buɗe shi, ku kuma koyar da wanda ke share ɗakin.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da hantsi a Gurbin Bore, gindin tankin ruwa. Samuel ya yarda zai hau bayan babur ɗina. Zan buɗe akwatin famfon da darasi goma sha tara, tunda shi babu jan hatimi a bayansa. Masu zuwa kada su wahalar da kansu da goro. Kowa ya zo da jarka.