Tarihin Yaƙin Kwandon Shara na Tanimu Mai Hoto

Da sunan Mai rayawa bayan kashewa muke buɗe tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Tanimu ɗan Ilu ɗan Barau Mai Tabarma, jikan waɗanda suka ga yaƙi daga nesa suka yi masa fatan alheri. Shi ne Sarkin Ɗauka na bakin tashar Funtuwa, fitilar zamani, mai sa baƙi ya yi fari, mai ce wa dattijo "yi murmushi" dattijo ya yi.

Masu riwaya sun haɗu a kan cewa musibar ta sauka ne da hantsin wata Laraba. Gwarzo na share tarkacen kwamfutarsa, bakinsa na can yana gardamar ƙwallo da mai shayi ta taga, sai yatsansa mai albarka ya aika da hotunan bikin gidan Alhaji Mamuda kaf zuwa kwandon shara na kwamfutar. Kamu, ɗaurin aure, walima, duk suka yi shahada. Bai gama salati ba sai ga Hajiya Tasalla, gwaggon amarya, ta cika ƙofa da rundunar ƙawayenta, sun zo zaɓen hotunan da za a wanke.

"Tanimu, buɗe mu gani. A tsaye muka bar mai Keke."

Ango dai ba ya sake ɗaura aure don mai hoto ya gyara kuskure. Gwarzo ya san haka, ya kuma san bakin Hajiya ya rufe shagunan da suka fi nasa.

Ya gyara hula, ya kama linzamin kwamfuta, ya kutsa cikin kwandon, inda matattu ke kwance dubbai, sahu bisa sahu. Wannan ne kaɗai kabarin da na sani ana ce wa mamaci tashi ya tashi. Sauran na gwada, ba sa amsawa. Ya fara ceto ɗaya bayan ɗaya, danna, mayar, danna, mayar, gumi na tsiyaya har cikin kunne, alhali a wannan tafiyar sai amarya ta yaye ɗan fari kafin a iso walima.

"Wai lalle ake sa wa hotunan ne?" in ji Hajiya.

A nan ne ilhama ta sauka. Idonsa ya faɗa kan wani rubutu a saman allon, wanda ya shekara yana gani bai taɓa kula shi ba, mai cewa a mayar da komai.

"Sai ni Tanimu, na Ilu, na Barau!" Ya danna.

Kwandon ya amayar da abin da ke cikinsa baki ɗaya. Aka yi tashin ƙiyama ba hisabi, salihai da fajirai tare, har waɗanda gwarzo ya binne da gangan don rufin asiri. Na farkon da ya cika allon shi ne hoton Hajiya da kanta a wajen walima, jaka a buɗe, tana zura cinyoyin kaji cikin leda, idonta na kan ƙofa.

Ƙawaye suka matso don su gani da kyau.

"Goge wannan," in ji Hajiya.

Ya goge.

"Ina ya tafi?"

"Kwandon shara, Hajiya."

"Inda ka kwaso su yanzu?"

Gwarzo ya gyaɗa kai.

Hajiya ta ajiye jakarta, ta ja kujera ta zauna, ta dubi ɗaya daga cikin ƙawayen. "Ladidi, je ki sallami mai Keke. Kai kuma ɗauko ashana."