Yadda Za Ki Sa Sunan 'Yarki a Kan Kwaɗo Tun Kafin Ki Haife Ta

'Yar'uwa, ajiye wankin nan ki zauna. In dai mijinki irin nawa ne, mai bin rafi da tocila yana leƙen cikin kwaɗi, ya kuma rubuta takardar bincike ta yi zaman dirshan a kwamfuta ya kasa aikawa, to kin zo gidan magani. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi miki alkawari takardar za ta fito a mujallar masana kwaɗi da ƙadangaru, da wuri, da sunan 'yarki a kai, kuma ba mai goge shi har duniya ta naɗe. Ni na gwada, ta fito. A aji biyu na sakandare na tsaya, amma duk ƙauyukan nan na bayan garin Mindo ba wanda ya taɓa sa editar mujalla gudu sai ni, Marilú. Da hannu ɗaya nake rubutun nan, ɗayan yana tare mai rarrafe kada ya je ya buɗe kwalaben kwaɗin ubansa, sai ki yi haƙuri.

Mataki na 1: Ki samu miji, shi kuma ya samu kwaɗo

Kada ki juya tsarin, miji ne farko. Nawa sunansa Kléver, ya yi karatun dabbobi a Quito, babban birninmu, ya dawo gida da kwali da tocila. Kwaɗon kuwa a rafin bayan wurin matsar rakenmu ya same shi, ɗan mitsitsi kamar farcen babban yatsa, kore shar. In kika juya shi rigingine, kina ganin zuciyarsa tana bugawa ta fatar cikinsa kamar ta gilashi.

Ya shigo kicin jiƙe sharkaf, ya ce, "Marilú, wannan ba shi da suna."

Na ce, "To me ya hana uwarsa raɗa masa?"

Sai ya zaunar da ni ya yi min bayani. Wai duk wanda ya riga kowa buga bayanin sabuwar dabba a mujalla, shi ke sa mata suna, kuma in an buga, an buga. Lokacin ina da ƙaramin ciki. Na dubi kwaɗon, na dubi cikina. Magana ta ƙare.

Ki riƙe wannan: gonar gado a kan sayar, gidan gado ya kan rushe, amma ban taɓa jin 'yan'uwa sun yi shari'a a kan kwaɗo ba.

Mataki na 2: Ki tabbatar da abin da ke cikinki

Kar ki dogara da hoton asibiti. Duk zuwan da na yi, abin da ke ciki sai ya juya wa likita baya ya harɗe ƙafa. Ki je wurin surukarki.

Tawa, Doña Hermelinda, tana da allura da zare. Kwanciya za ki yi, ta rataye allurar a saman cibiyarki. In ta yi kewaye, mace ce. In ta yi gaba da baya, namiji. Duk garin nan ita ke duba wa masu ciki, kuma ba ta taɓa kuskure ba, in kin cire tagwayen maƙwabciyata Zoila, su ma ta ce yawa aka yi wa allurar.

A kan cikina allurar ta yi kewaye har sai da na ji jiri. Doña Hermelinda ta ce, "Mace ce, 'yata. Ga ta nan sak, har da tsiwar uwarta."

Muka sa mata Anahí. Kléver ya ƙara wa sunan ɗan wutsiya na Latin, wai haka ƙa'ida take, ya rubuta a takarda. Da muka koma ɗaki ya rage murya don kada tsohuwa ta ji, ya ce, "Kar ki damu. Mujalla ba ta sauri. Za ki haihu, ki yaye, ba su ce uffan ba. In namiji ne sai mu canza sunan a gyaran ƙarshe."

In mijinki ya yi irin wannan magana, ki gyaɗa kai. Gyaɗa kai ba sa hannu ba ne.

Mataki na 3: Ki shirya takardar yadda mujalla ke so

Mujalla ta fi dangin miji ƙa'ida. Da Turanci za a rubuta, ko da kwaɗon bai taɓa jin Turanci ba. Kowane layi sai an sa masa lamba. A auna kai, a auna ido, a auna yatsu ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki kukansa a na'ura. A tsoma ɗaya cikin giyar asibiti a kwalba, a kai gidan adana dabbobi na Quito, a karɓo lamba kamar an kai gawa. Kafin a kai shi kuwa, a firjinki zai zauna kusa da cuku. Ki gargaɗi baƙi.

Sai abin haushi: wai Kléver ya cire sunansa daga shafin farko, don masu dubawa kada su san mai ita. Mutum ya sha sauro, ya sha ruwan sama, takalmin robarsa ya ruɓe a ƙafa, a ce ya ɓuya kamar ɓarawon kaji.

Sannan babbar doka: ba a faɗa wa kowa sunan kafin a buga. Ki kiyaye wannan sosai. Ni ban faɗa wa kowa ba sai Zoila, don ita kamar ni ce. Da fada, limamin cocinmu, don shi ba ya cikin kowa. Da direban motar madara, shi ma don ya ga ina ta murmushi ni kaɗai ya tambaya, kuma ba kyau a bar mutum da tambaya a baki.

Mataki na 4: Ki danna da kanki

Amfanin direban madara kuwa, yana kai labari yana kawo labari. Shi ya zo ya ce min, "Uwar kwaɗo, na ga wasu ɗaliban birni a rafin bayan tsauni, da tocila da ledoji. Na ba su labarinki, sun ji daɗi ƙwarai, har suka tambayi inda rafinku yake."

Kin ga ke nan yanzu tsere ne. In suka riga mu, sunan wani farfesa mai furfura za a liƙa wa kwaɗon 'yata, ni kuma in shiga kasuwa da wane ido?

Kléver ya zauna gaban kwamfuta, yatsa a saman maɓallin aikawa kamar mai jiran wahayi. Ya ce bari ya sake karantawa. Na ce ka karanta jiya. Ya ce akwai wani waƙafi a layi na ɗari da wani abu da bai kwanta masa ba. Na matso kamar zan duba waƙafin, na ɗora cikina a kan gwiwar hannunsa. Takarda ta tafi.

Masana sun ce bincike haƙuri ne. Ni na ce wani lokaci nauyi ne.

Mataki na 5: Ki yi haƙuri da Mai Dubawa na Biyu

Edita za ta ba mutum biyu su duba, ba za ki taɓa sanin su waye ba. Na Ɗaya ɗan halak ne, layi uku ya rubuta, ya ce aiki ya yi kyau. Na Biyu kuwa, ban san me kwaɗi suka yi wa iyayensa ba. Ya ce ƙila wannan ba sabo ba ne, tsohon kwaɗo ne da bai ƙoshi ba. Ya ce a sake auna yatsu. Ya ce Turancin yana sa shi ciwon kai. Ya kuma lissafo takardun wani masani guda ɗaya, ya ce duk sai an ambace su.

Na ce, "Kléver, ai ga sunansa nan ya faɗa maka."

Ya rubuta amsa mai zafi, har yana kiran mutumin makaho. Kar ki hana shi, ki bari ya gama. Sannan ki ba shi soyayyen rogo da kofi, ki sa ya goge, ya fara kowane sakin layi da "muna godiya ga mai dubawa bisa wannan hangen nesa." Ya ce munafunci ne. Na ce haka nake yi da ƙanwarka tun da na shigo gidan nan, ka taɓa jin kanmu?

Mataki na 6: Ki sa edita gudu

Nan ne sirrin, ki buɗe kunne. An mayar da gyara, shiru. Cikina yana ta gaba, ɗaliban birni suna ta sintiri a rafi. Na ce Kléver ya rubuta wa editar, wata Dakta ce a Brazil. Ya ce ba a yi, rashin kunya ne, sai dai a jira.

Jira na maza ne. Na ɗauki adireshinta, na tsaya a gicciye gaban madubi na ɗauki hoton cikina, na aika daga wayata. Na rubuta: "Dakta, ni ce matar mai kwaɗo. Ga mai sunan tana hanya. Ina so ta zo ta tarar da kwaɗonta yana jiranta." Duk Lahadi in mun dawo daga coci sai in aika sabo, ba dogon bayani, ciki yana magana da kansa.

A hoto na huɗu ta amsa. Ashe uwa ce, 'ya'yanta uku. Ta ce a duk zamanta a kujerar nan ba wanda ya taɓa nuna mata wa'adi ƙarara haka, kuma za ta tsallake da takardar gaban layi.

Mataki na 7: Ki kira tsohuwa ranar gyaran ƙarshe

Sai ga shafuka sun iso, an tsara su tsaf, hoton kwaɗon a tsakiya, sunan a karkace. Saura Kléver ya ce ya amince. Fuskarsa ta yi fari kamar cikin rogo.

Ya ce, "Yaya aka yi suka yi sauri haka? Mujallar nan ba ta taɓa yin haka ba."

Na ce, "Addu'a."

Ya ce, "Mu ɗan ja musu rai har ki sauka, mu ga abin da Allah ya ba mu."

Ban yi gardama ba. Na leƙa taga na kira Doña Hermelinda. Ta shigo tana goge hannu a zani, ta ce, "Me nake ji, Kléver? Allurata kake shakka?"

Ya ce, "A'a Mamita, kimiyya ce dai take son hujja."

Ta ce, "Allurar nan ita ta ce kai namiji ne. Ƙarya ta yi?"

Mutumin da ya yi fito-na-fito da Mai Dubawa na Biyu ya sunkuyar da kai, ya danna.

Mataki na 8: Ki haihu

Takarda ta fito. Mun riga ɗaliban birni. Na sa aka buga shafin farko, aka sa a firam mai ruwan hoda, na rataye a saman gadon jariri. Zoila ta saƙa ɗan kwaɗo a jikin hula. Fada ya ambata bayan huɗuba. A satin naƙuda ta taso.

Da aka gama, nas ta ɗaga min abin da na haifa, ta ce, "Barka, uwa. Ƙato ne."

Na ce, "Ƙatuwa dai."

Ta juyo min da shi. 'Yar'uwa, wannan ba ya buƙatar mai dubawa na biyu.

Tun daga barandar asibiti Kléver ya rubuta wa Dakta. Ta taya mu murna har da hoton furanni, sannan ta ce sunan dabba in ya fito, bakin alƙalami ya bushe. Ba edita, ba marubuci, ba wanda ya isa ya taɓa shi.

Doña Hermelinda ta karɓi jikanta, ta duba shi sama da ƙasa, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Allurata ba ta ƙarya. Layi ta tsallake. Ta bayansa ta hango."

Muka sa masa Eloy. Yana kwana ƙarƙashin firam mai ruwan hoda, da hular kwaɗo, kuma bai taɓa kai ƙara ba.

Mataki na 9: Ki gyara abin da ke gyaruwa

Yi lissafi da ni. Akwai kwaɗo mai suna Anahí a littattafan duniya, babu yarinya mai suna Anahí a gidana. Kwaɗo ba ya canzuwa. To me ya rage?

Wannan ne labarin da tun ɗazu yake cin bakina: ina da ciki. Ke ce ta farko da na faɗa wa, bayan Zoila da fada da direban madara.

Jiya tsohuwa ta rataye allura, Kléver yana tsaye a bakin ƙofa da Eloy a kafaɗa. Allura ta yi gaba da baya. Namiji.

Kléver ya ce, "Mamita..."

Ta ce, "Yi min shiru. Ba na ce maka tana tsallake layi ba? Wannan na ciki Anahí ce. Wanda allura ta nuna yanzu, na bayanta ne."

Ya zame a hankali ya zauna a ƙasa. Na ba shi ruwa, na tuna masa Eloy yana binsa ƙadangare, na ukun kuma ko ɗan maciji ne ya isa, in dai ba mai dafi ba. Da sassafe na ga ya ɗauki tocila da takalmin roba ya nufi rafi, bai ko karya ba.

Gargaɗi

Na yi alkawarin takarda za ta fito da wuri da suna a kai, ta kuma fito. Abin da nas za ta ɗaga miki ba ya cikin alkawarin. Duk wadda ta bi matakan nan ta wayi gari da 'ya'ya maza biyar da kwaɗo mace ɗaya, kada ta biyo ni gida, kada ta rubuta wa Dakta, kada ta zagi allurar surukata. Ta je ta nemi Mai Dubawa na Biyu. Shi ya karanta takardar layi-layi, ya sa aka auna yatsun kwaɗo har sau biyu, bai taɓa tambayar ko an haifi yarinyar ba.